Auta, Ba Wuta Ce Ta Cinye Kundin Yarinyar Nan Ba

Mahaifiyarka ta ce mini kwana biyun nan ba ka cin abincin kirki, kuma da wayarka ta yi ƙara sai ka kifa ta. Na san dalili. Jiya da na biyo ta shago bayan La'asar na so in yi maka magana, sai na ga yaranka da masu jiran fotokofi sun cika wurin, na ce bari in rubuta ka karanta kai kaɗai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ni na damƙa maka shagon nan da hannuna, kuma har gobe ban yi da-na-sani ba.

Amma abin da ka gaya wa yarinyar nan ba haka yake ba. Ka ce mata bairos ne ya cinye kundin digirinta, da ta matsa da kuka ka koma ka ce laifin ɗauke wuta ne. Na zauna da yaron da ke kan injin fotokofi ya ba ni labari tiryan-tiryan, kuma kada ka yi masa faɗa, ni na tsare shi da tambaya. Ranar Alhamis wajen ƙarfe biyar kana gyara mata babi na huɗu, kai tsaye a kan filashinta, aka ɗauke wuta. UPS ɗin da ke ƙarƙashin tebur ya yi kuka ɗaya ya mutu. Aka tayar da janareta, kwamfuta ta taso ta ce tana so ta duba faifanta, tana ƙirga daƙiƙu, ka danna maɓalli ka tsallake don mutum shida na tsaye a kanka. Filashin ya ƙi buɗewa, akwati ya fito yana cewa sai an yi masa fomatin kafin a yi amfani da shi, ka ce to. Kafin Magariba ka zuba hotunan fasfo na wasu mutane a kansa don ka kai su ɗaya kwamfutar mai firintar kala. Da dare, da hankalinka ya dawo jikinka, ka sauko da manhajojin tono fayil har uku, abin da suka tono kuma ka ce su zuba shi a kan wannan filashin dai.

Ɗauke wutar ɓarna ɗaya ya yi, ita ma ƙarama. Sauran duk hannunka ne, kuma kowace ta fi wadda ta gabace ta.

Na san ba mugunta ba ce. Ba ka san abin da ke faruwa a cikin na'urar ba ne, ni kuma da na koya maka buga takarda da ɗaure kundi ban taɓa zaunar da kai na bayyana maka ba. Wannan laifina ne, bari in biya bashin yanzu.

Ka tuna lokacin da nake aikenka Dawanau wurin abokina mai sito? Buhuna dubbai a ɗakuna, gero da dawa da wake da riɗi, na mutane daban-daban. Babu buhun da ke faɗin sunan mai shi. Abin da ke raba na wane da na wane littafi ne guda, mai baƙin bango, da ke cikin durowar magatakarda: buhu arba'in na Alhaji wane, ɗaki na uku, layi na biyu daga ƙofa. Idan littafin nan ya jiƙe ko aka yage masa shafi, ko ƙwayar gero ɗaya ba ta bar siton ba, amma babu mai iya cewa ga kayan wane. To haka faifan kwamfuta yake, haka filashi, haka katin waya. Rubutun yarinyar nan shi ne buhunan, yana zube a gurabu da yawa, wasu ma ba a jere ba. Littafin magatakarda shi ne abin da masu ilmin suke kira tsarin ajiyar fayil, kuma iri-iri ne: akwai FAT32, akwai exFAT, akwai NTFS na Windows, akwai ext4 na Linux.

Duk sanda ka ce wa Word ta adana aiki, ba abu ɗaya take yi ba. Tana rubuta sabon kwafi da wani suna na wucin gadi, ta kawar da tsohon, ta sauya wa sabon suna, kuma kowane mataki sai an shiga littafi an gyara. Ga kwamfuta wannan ƙiftawar ido ce. Amma in wuta ta yanke a tsakiyar ƙiftawar, sai a sami magatakarda ya goge tsohon layi bai rubuta sabo ba, ko ya rubuta rabin lamba alƙalami ya faɗi. Ƙari a kan haka, kwamfuta tana riƙe wani abu a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi kafin ta sauke shi a faifai, don ta yi sauri, kuma ita wannan ƙwaƙwalwar da wuta ta tafi komai ya tafi.

Masu ƙera waɗannan abubuwa sun san da wannan matsala tun da daɗewa. NTFS, da ta fito a 1993, tana da wata dabara: kafin magatakarda ya taɓa babban littafi, sai ya rubuta a 'yar takarda cewa zan yi kaza da kaza, in ya gama ya soke. Idan aka dawo da wuta aka tarar da takardar ba a soke ba, sai a ƙarasa aikin ko a mayar da shi yadda yake tun farko. Linux ta samu irin wannan a ext3 a 2001, sannan ext4 a 2008. Shi ya sa sau ɗari ana ɗauke wuta a shagon nan babbar kwamfutar tana tashi kamar ba abin da ya faru, har ka ɗauka haka abin yake kullum. Sai dai ka riƙe wannan: 'yar takardar littafin take karewa, ba ta kare abin da ke cikin buhu. Fayil ɗin da ake cikin rubutawa zai iya fitowa rabi, ko ya fito da suna babu komai a ciki. Fayil ɗin Word na yanzu kuwa ƙunshi ne a matse, in wutsiyarsa ta yanke sai ya ƙi buɗewa gaba ɗaya.

Filashi kuma, yawancinsu da FAT32 suke zuwa, tsarin 1996, ko exFAT na 2006, kuma babu ɗayansu da ke da 'yar takardar nan. Magatakardan filashi da alƙalami yake faɗa wa babban littafi kai tsaye. Shi ya sa tun kana ƙarami nake ce maka ba a aiki a kan filashi. A kwafo fayil zuwa kwamfuta, a yi gyara a can, in an gama a mayar. Ka ɗauka tsufa ne ke sa ni maimaita magana.

Yanzu mu zo kan akwatin da ya ce a yi fomatin. A lokacin da ya fito, kusan tabbas kundin yarinyar nan yana nan cif, babi biyar da jerin littattafan da ta duba. Abin da kwamfuta take nufi shi ne ta buɗe shafin farko na littafin ba ta gane rubutun ba. Ita kuma ba ta da wata shawara da ta wuce a kawo sabon littafi. Amsar da ya kamata ka ba ta ita ce a'a, ka zare filashin, ka sa shi a ambulan, ka rubuta sunan mai shi, ka sallami mutanen da ke jira. Shi ke nan aikin ranar. FAT32 tana ajiye kwafin shafinta na farko a wani gurbi kusa, kuma jadawalin kansa kwafi biyu ne. Akwai manhaja kyauta mai suna TestDisk, ta wani Bafaranshe, Christophe Grenier, da ke iya ɗauko kwafin nan ta mayar da shi mazauninsa. Na sha yin wannan kafin shayina ya huce, folda ta dawo da sunayenta kamar ba ta je ko'ina ba.

Ko bayan da ka danna fomatin ma ba a rasa komai ba tukuna, tunda na gaggawa ka yi. Fomatin na gaggawa sabon littafi fari yake kawowa, ba ya shiga sito. Cikakken fomatin ne, tun daga Windows Vista, yake bin gurabu ɗaya bayan ɗaya yana shafewa, kuma da shi ka yi da ban ɓata tawada ba. Da ka tsaya a nan, da 'yar'uwar TestDisk, wato PhotoRec, ta shiga ɗakunan tana shinshina buhu-buhu, tana gane wannan Word ne, wannan hoto ne, ta fito da su. Sunayen za su ɓace, za ka ga lambobi a madadinsu, amma a yini ɗaya mutum ya buɗe su ya ware.

Inda ka soki zuciyata shi ne hotunan fasfo. Sabon littafi ya ce sito fanko ne, saboda haka duk buhun da aka kawo sai a jibge shi daga bakin ƙofa, a kan kayan mutane. Abin da aka rubuta wani abu a kansa kuwa ya tafi, ba a Kano ba, ko Ikeja aka kai shi, ko Ingila, babu mai dawo da shi. Sannan ka zo da dare kana tono kana zubawa a ramin da kake tonowa, kowane fayil da manhajar ta ceto yana danne wani da ba ta kai gare shi ba. Garin neman gira aka rasa ido. In za ka manta duk abin da ke cikin wasiƙar nan, kada ka manta wannan: faifan da ya samu matsala ba a rubuta masa komai, ko ɗigo. Ba a sa masa manhaja, ba a zuba masa abin da aka ceto. Wani faifai ake kawowa.

Kada ka ga kamar ni ban taɓa faɗawa ba. A zamanin Windows 98, lokacin muna amfani da fulofi mai ɗaukar megabait 1.44, wani dattijo ya kawo mini tarihin gidansu da ya yi shekaru yana tattarawa daga bakin tsofaffi, muka buga shafi fiye da ɗari biyu. Aka ɗauke wuta. Da kwamfuta ta taso, shuɗin allon ScanDisk ya fito yana tambaya, ni kuma na yi ta danna a gyara, a gyara, ban karanta ba, har inda ya tambaye ni ko a ajiye guntayen da ya tsinto ko a zubar, na ce a zubar. Babi uku suka tafi. Rubutun hannun kuwa dattijon ya riga ya bai wa jikokinsa sun yi wasa da shi, tunda a ganinsa abin ya shiga na'ura ya tsira. Na yi mako ina zagaye layinsu. Ranar da na je na faɗa masa gaskiya, ya yi shiru, ya ce biyu daga cikin tsofaffin da suka ba shi labarin sun rasu. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Tun daga ranar ban ƙara danna abin da ban karanta ba.

Wannan ya kawo ni kan babbar kwamfutar, wadda ka hana duba kanta. Wannan dubawar ba kwalliya ba ce. Akwai wata alama da tsarin ke ɗagawa idan ya ga alamar littafinsa bai daidaita ba, kuma tana nan a ɗage har sai an duba. Kwana biyar ke nan kana aiki a kan littafin da mai shi da kansa ya ce yana shakkarsa. Mutum shida da suka tsaya a kanka, da ka ce musu su ba ka minti goma, babu wanda zai mutu.

Amma kuma kada ka karanta wannan ka ruga ka buga chkdsk da /f, wato umarnin Windows na duba faifai da gyara shi, yau da dare, don na san halinka, daga wannan gefe sai wancan. Chkdsk littafi yake daidaitawa, ba ruwansa da darajar abin da ke buhu. Idan ya tarar da gurabun da ba su da mai su, sai ya tattara su a wata ɓoyayyar folda mai suna FOUND.000, ya raɗa musu FILE0000.CHK, FILE0001.CHK, haka dai. Idan ya ga layin da bai gane ba yana iya yanke shi. Littafi ya fito tsaf, kayan wani sun zama tsummoki. Na Linux, fsck, haka yake zuba nasa a lost+found, kuma shi ba a ma gudanar da shi a faifan da ake cikin amfani da shi. Saboda haka kwafi ne farko. Ka kwashe duk aikin mutane zuwa wani faifai na waje. Bayan nan ka duba lafiyar faifan kansa, domin kowane faifai na zamani yana riƙe da bayanin ciwonsa, abin da ake kira SMART, kuma ƙaramar manhaja irin CrystalDiskInfo tana karanto shi ta nuna maka ko gurabu sun fara lalacewa. In lafiya lau ne, ka fara buga chkdsk shi kaɗai ba tare da /f ba, zai duba ya faɗi abin da ya gani bai taɓa komai ba. Sai ka karanta. Sannan ka ba shi izinin gyara. Shi kuma /r, mai bin kowane gurbi, yana iya cin sa'o'i, kada ka fara shi sai janareta na da mai cike, domin yankewar wuta a tsakiyar gyara ta fi ta farko muni.

Idan kuwa ka ji faifan yana ƙwas-ƙwas, ko kwafi yana tafiya yana tsayawa, ka kashe na'urar. Faifan nan yana juyawa sau 7200 a minti ɗaya, allurar da ke karanta shi tana shawagi a kansa ba ta taɓa shi, in ta fara gogarsa kowane juyi rubutu take kankarewa. Irin wannan da manhajar ddrescue ake ɗaukar hotonsa gaba ɗaya zuwa wani faifai, a fara da wuraren da ke karantuwa, sannan a yi duk wani gwaji a kan hoton. Kada ka saurari masu cewa a sa shi a firiji, ko a buɗe shi a hure ƙura. Na ga wanda ya buɗe nasa da sukudireba a kan benci, iskar hunturu na kaɗawa. Ƙaramar kwamfutarka ta hannu kuma, mai SSD, ita ba ta ƙara, amma tana da nata hali: abin da aka goge tana share gurbinsa da kanta ba da jimawa ba, don haka a can damar tono ta fi ƙanƙanta.

Sai maganar UPS. Na durƙusa na duba shi jiya, gwiwata har yanzu tana gaya mini. Batirin da ke ciki wanda na sa ne kafin in bar shagon, ya kumbura har murfin ba ya rufuwa. Ƙaramin batiri ne mai bolt 12, a zafin garin nan in ya yi shekara biyu zuwa uku ya yi ƙoƙari. Ba a ce ya riƙe ka awa guda ba, aikinsa ya ba ka minti biyar ka adana ka kashe cikin mutunci, ko ya cike tazarar da ke tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta. Na ga ka sayi sabuwar sifika mai fitilu kala-kala tana ta kiɗa a bakin ƙofa. Ban ce kada ka ji daɗin kuɗinka ba. Amma kuɗinta ya sayi batirin nan, har da canji. Kuma ka cire firintar leza daga jikin UPS, ita kaɗai tana jan abin da ya fi ƙarfinsa. Duk wata ka zare shi daga bango kwamfuta na kunne, ba a kan aikin kowa ba, ka ga ko zai riƙe.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wata huɗu yarinyar nan tana zuwa shagonka, kundin nan bai da kwafi ko ɗaya a wani wuri. Ita ba ta sani ba, ɗaliba ce, ta ɗauka filashi akwatin ƙarfe ne. Kai ne ka sani. Kowace ranar da aka tashi daga aiki, da ka tura mata shi ta imel ko ta WhatsApp, ka bar kwafi a kwamfuta da kwanan wata a jikin sunan, minti ɗaya bai cika ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai kawo maka aiki amana ya kawo, ko da naira ɗari biyu zai biya.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba. Hotunan fasfo ba su da nauyi, filashin kuma babba ne, mai yiwuwa wasu babobin suna can ciki inda ba a kai ba. Word kuma tana ajiye kwafin ko-ta-kwana duk minti goma in ba a sauya mata ba, kuma a faifan kwamfuta take ajiye shi, ba a filashi ba, saboda haka akwai inda za mu leƙa, in aikin kwana biyar ɗin nan bai danne shi ba. Wannan ma wani dalili ne da zai sa ka bar babbar kwamfutar a kashe daga yanzu, ka yi aiki da ɗayar. Sannan malamin da ke duba mata aiki yana da babi na ɗaya zuwa na uku a takarda, da jan bironsa a jiki. In ta kama a sake bugawa, kai za ka buga, da dare, kyauta.

Amma kafin duk wannan, ka ɗaga wayar nan. Ka kira ta yau, kada ka kai gobe. Ka ce mata ba bairos ba ne, kuskure ka yi, kuma kawunka zai duba. Za ta yi fushi, tana da gaskiya, ka yi shiru ka saurara. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Auta, kuma a unguwar da ɗalibai ke gaya wa juna inda za su kai aiki, labarin wanda ya yi kuskure ya amsa ya fi saurin mutuwa a kan na wanda ya yi ya ɓoye.

Ranar Asabar bayan Azahar ina gida. Ka zo da filashin a ambulan, kada ka ƙara soka shi a ko'ina, ka ɗauko babbar kwamfutar a Keke Napep, ka riƙe ta a cinya kada ta yi ta buguwa. Ni ina da faifan da za mu zuba kwafi. Ka biya Farm Centre ka sayo batirin a hanya. Ka gaishe da mahaifiyarka, kuma ka ci abinci.